Ƙusa Biyu da Suka Rage a Jirgin Dakta

Na sauka Doha ina da shekara hamsin da bakwai, da gwiwa ɗaya mai ciwo, da takarda a hannu wadda ta ce ni mai gyaran jirgin ruwa ne. Dillalin da ya yi mini takardar ya rantse cewa masu irin hannuna ake nema a can. Kwana uku da zuwana aka miƙo mini riga mai ruwan toka da hula da usur, aka nuna mini ƙofa. Na gaya wa mutumin ofis, da Larabcin da nake taƙama da shi, cewa an yi kuskure. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Ai ƙofar wurin jirage ce. Khalas, shi ke nan."

Ba wannan ne karon farko da aka cuce ni a ƙasar mutane ba. A Abidjan an ɗauke ni aikin fenti, na ƙare a wankin ɗakin inji. A Bur Sudan wani ya ba ni hayar gadon da ya riga ya ba mutum biyu. Amma a lokacin ina da ƙarfi, in an cuce ni sai in yi dariya in ƙara gaba. A Doha ban ga gaban da zan ƙara ba. Takardunka suna bin sunan kafil, wato mutumin da ya ɗauke ka aiki, kuma shekaruna sun kai inda ba kowa ke marmarin sabon ma'aikaci irina ba.

Ni mutumin Yauri ne. Mahaifina jirgin katako yake haɗawa a bakin Kwara, na tashi da ƙusa a baki da guduma a hannu. Daga nan na yi Legas, na yi Abidjan, na yi Bur Sudan, na yi Jidda, ko'ina a bakin ruwa. Na tsinci Yarbanci da Faransanci da Larabci da Turancin ma'aikatan jirgi. Na faɗi wannan ne don a san girman mutumin da nake ganin ni ne a ranar da aka ba ni usur.

Masaukina na farko a unguwar Al Asmakh yake, wani tsohon gida mai ƙunci, mu takwas a ɗaki. 'Yan Nepal biyar, Basudane ɗaya, wani ɗan Kenya, sai ni. Da asuba mota ta kwashe mu, kowa a sauke shi a ƙofarsa. Tawa ƙofar ta wani ƙaramin wurin ajiye jirage ce a bakin teku, irin 'yan jiragen nan da masu hali ke shiga ranar hutu, iska na tura su. Awa goma sha biyu a tsaye. Na san zafin Jidda, na san na Bur Sudan mai busar da makogwaro, amma na Doha daban ne, kamar an jiƙa bargo da ruwan zafi an lulluɓa maka. Wani ɗan Bangladesh mai sayar da shayin karak a tsallaken titi ya ga yadda nake jingina da bango. Bai tambaye ni komai ba. Washegari ya kawo mini akwatin lemo na roba ya kife shi a inuwar ginshiƙi, inda kyamarar ofis ba ta gani. Har yau ban san sunansa na gaskiya ba, kowa "Bhai" yake ce masa.

Abin da ya fi cina a watannin nan shi ne ƙamshi. Tekun nan warin gishiri da man inji yake. Kwara kuwa ƙamshin laka da ɗanyen katako da hayaƙin bandar kifi. Wani lokaci in rufe ido a kan akwatin nan in ji kamar zan shaƙo shi, sai hon ɗin mota ya dawo da ni.

Wata rana igiyar ɗaure wani jirgi ta tsinke, ma'aikata uku suka taru suna ƙulla ta kamar masu ɗaure buhun gawayi. Na kasa haƙuri. Na bar ƙofa, na karɓi bakin igiyar biyu, na warware su na saƙa su cikin juna yadda wani tsoho ya koya mini a Apapa. Ashe mai wurin yana tsaye bayana. Abu Rashid ake ce masa, shi ne kafil ɗina, dogo ne marar yawan magana. Ya ja igiyar da ƙarfinsa, ya duba saƙar, ya ce, "Wa ya sa ka a ƙofa?" Na ce, "Kai." Ya yi dariya. Mako bai zagayo ba na ajiye usur, na koma rumfar gyara, mai inuwa da fanka biyu da benci.

Shekara biyu na yi a rumfar nan ni kaɗai, kuma ban taɓa jin daɗin baƙunta kamar su ba. Duk wanda jirginsa ya samu matsala, "Hajji Garba" yake nema, wato ni. Na bar Al Asmakh na koma Bin Omran, ɗaki na mutum uku. A masallacin unguwar na haɗu da Mumuni.

Mumuni mutumin Zangon Kumasi ne, shekararsa arba'in da 'yan kai, siriri kamar sandar rake, yana da mata da 'ya'ya huɗu a gida. Direba ne, kamfaninsu ya rufe, saura masa kwanaki a mayar da shi Gana. Na ji Hausa a bakinsa a wurin alwala, irin Hausarsu ta Zango mai gudu, sai na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ni na kai shi gaban Abu Rashid. Ni na yi masa tafinta, don a lokacin bai san komai a Larabci ba sai "yalla", wato a yi sauri. Ni na ce zan koya masa aiki. Ina maimaita "ni" ɗin nan ne domin haka na riƙa maimaita ta a zuciyata daga baya, sau ɗari a rana.

Ranar farko na tambaye shi, "Ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

Ya ce, "Alaji, a Kumasi? Ruwan da na sani na famfo ne, shi ma ba kullum yake zuwa ba."

Ya dawo ɗakinmu. Muka raba aiki: wannan Juma'a ni ke wanki shi ke girki, mai zuwa mu juya. Yana dafa shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji, ina ce masa mutanen Gana ba su iya dafa-duka ba, yana ce mini mu 'yan Najeriya mai kawai muka iya zubawa. Na koya masa ƙulli, na koya masa saƙar igiya, na koya masa bambancin ƙarfen da ke tsatsa da wanda ba ya yi.

Matsalar ita ce ya koya. Abin da na ɗauki shekara kafin hannuna ya faɗa, shi wata biyu ya isa. Idonsa ya fi nawa gani, yatsunsa na shiga inda nawa ba sa shiga. Bayan shekara ɗaya yana Larabcin kasuwa, karyayye, amma mutane na dariya suna dafa kafaɗarsa. Ni da nake jera musu Larabci mai nahawu, sai su gyaɗa kai da ladabi su wuce. Sannan ya yi abin da ni ban taɓa yi ba a shekara arba'in a bakin ruwa: ya roƙi wani mai jirgi ya koya masa tuƙi da iska. Ni gyara na sani. Shi ya zama yana gyarawa, ya fita teku ya gwada, ya dawo ya ce ga abin da ya rage.

Wata safiya Abu Rashid ya leƙo rumfa ya ce, "Wen Mumuni?" wato ina Mumuni. Ina tsaye a gabansa da sufana a hannu. Bai ce "Hajji Garba" ba. Ban ci abincin rana ba a ranar.

Na zauna da mutane iri-iri, na ga hassada a fuskoki da yawa. Na ga ta ma'aikatan Apapa, mai fitowa da zagi a fili. Na ga ta Jidda, mai zuwa da murmushi da addu'a. Ban san tawa irin mai shiru ba ce sai a Doha. Ban taɓa gaya wa Mumuni baƙar magana ba. Sai dai in ya yi ƙulli mai kyau in ce, "Ba laifi." In wani ya yabe shi in ce, "Yana ƙoƙari, yaro ne." Mutum mai 'ya'ya huɗu nake ce wa yaro.

A farkon zafin shekara ta huɗu Abu Rashid ya kira mu ofis. Ya ce aiki ya ragu, rumfa ba ta buƙatar mutum biyu. A ƙarshen wata, ɗayanmu zai zauna a rumfa, ɗaya ya koma ƙofa. Bai faɗi wane ba. Muka fito ba mu dubi juna ba. Na san gwiwata ba za ta ƙara ɗaukar awa goma sha biyu a tsaye ba. Amma ba gwiwar ce ta fi damuna ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne in tsaya da usur ina buɗe wa Mumuni ƙofa.

A makon ne aikin jirgin Dakta ya zo.

Dakta Usman Basudane ne, mai haɗa magani a wani kanti a unguwar Old Airport, dattijo kamar ni. Ba mai kuɗi ba ne, tsohon ƙaramin jirgi ya saya yana lallaɓa shi. Tun da ya ji na zauna a Bur Sudan ya riƙe ni kamar ɗan'uwa. In ya zo sai ya zauna a bencina mu yi hirar kasuwar kifi da gidajen shayi na garinsu. Shi ya lura da ɗingishina, ya kawo mini man shafawa, bai yarda na ba shi ko godiya mai tsawo ba.

Sai na ɗan bayyana aikin, don wanda bai san irin jirgin ba. Akwai dogon sanda a tsaye, akwai wani a kwance a ƙasansa, babban ƙyallen da ke kama iska yana tsakaninsu. Sandan kwancen nan yana lilo dama da hagu a saman kan masu zama. Abin da ke riƙe shi igiya ce guda, mu a rumfa uwar igiya muke ce mata. Tana bi ta cikin 'yan tayoyin ƙarfe, ta sauko ta kama wata 'yar kura da ke gudu a kan layin ƙarfe, kamar layin dogo, wanda aka shimfiɗa a bayan jirgin daga gefe zuwa gefe. Masu jirgi tirabula suke ce wa layin da kurarsa. Duk ƙarfin iskar da ƙyallen ya kama, a kan wannan ɗan layi yake sauka. In jirgi ya juya iska ta bugo ƙyallen ta ɗaya gefen, sandan ya kan tsallaka da ƙarfi, kurar ta ruga ta daki ƙarshen layin. A kowane ƙarshe akwai ɗan toshi da ke tare ta. In toshin ya fita, kura da tayoyin ƙarfe za su tashi sama a bakin igiya kamar dutse a majajjawa, kuma kan mai tuƙi yana nan kusa.

Layin Dakta ya tsufa, ya sayo sabo, da ƙusoshi masu noti guda takwas, da farantin ƙarfe da ake sawa ta ƙasa. Mumuni ya karɓi kayan a hannunsa, ni aka ba aikin.

A jirgin katako irin na mahaifina, in ka buga ƙusa katako ya cije ta, shi ke nan. Jirgin faiba irin na Dakta, wato na roba mai tauri, ba haka yake ba. Bayansa ɓawo biyu ne marasa kauri, tsakaninsu wani abu mai taushi kamar ɓargo. Sukuru ba ya samun abin kamawa a ciki. Dole ka huda har ƙasa, ka toshe gefen ramin da gam mai tauri don ruwa kada ya shiga ɓargon, ka zura ƙusa ta ratsa layi da bene, wato saman jirgin da ake takawa, da faranti, ka sa washa da noti ta ƙasa. Kuma aikin mutum biyu ne. Na sama ya riƙe kan ƙusa kada ya motsa, na ƙasa ya juya noti. In ƙusar ce ta juya, danƙon da aka sa don tare ruwa ya tsage. Ni na koya wa Mumuni wannan, da bakina.

Ranar Alhamis da hantsi Abu Rashid ya aiki Mumuni ya jawo wani jirgi da injinsa ya mutu. Kafin ya tafi ya ce, "Alaji, ka jira ni. Bayan la'asar in shiga ƙasa, kai ka riƙe sama. Ramin nan ba naka ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Ramin da ke ƙarƙashin bayan jirgin ɗan akurki ne, sai siriri. Amma "ba naka ba ne" ɗin nan ta tsaya mini a wuya. Na ce a raina, in ya shiga ƙasa, gobe za a ce Mumuni ne ya ɗaura tirabular Dakta, tsoho ya riƙe masa sukudireba. Na ce yau sai Abu Rashid ya ga aikin da Hajji Garba ya gama shi kaɗai.

Na huda, na sa gam, na jira ya kama. Na cusa kafaɗa ɗaya da kai cikin ramin, zafi kamar tanderun burodi. Na ɗora faranti. In damƙe noti da fulaya mai kulle, in tokare ta da bango, in fito in hau sama in juya ƙusa, in sake sauka. Na san juya ƙusar ta sama kuskure ne, na yi. Shida na ɗaure haka, gwiwata na kuka. Saura biyu, ta ƙarshen dama da ta ƙarshen hagu, waɗanda ke riƙe toshin. Na miƙa hannu har kafaɗata ta yi ƙara, yatsuna ba su kai ba. Saura kamar taƙi ɗaya.

Na zauna a kan benen jirgin ina haki. Na duba ƙofa, Mumuni bai dawo ba. Sai hannuna ya tafi gwangwanin sukurori. Na zaɓo biyu gajeru masu kai irin na ƙusoshin, na murɗa su cikin faiba har suka zauna. A Yauri da wannan ya isa. Na shafe gefensu da danƙo. Daga sama kai takwas ne a jere, suna ƙyalli, babu mai bambanta su. Ƙusa biyu da notinsu na jefa a aljihun rigar aiki.

Da Mumuni ya dawo har na ɗaura tayoyin, na zura uwar igiya, na ɗaure bakin kowane ɗan marin ƙarfe mai riƙe tayoyin da waya don kada ya kwance. Abu Rashid ya zo ya tura kurar da ƙafa, ta tafi sumul. Ya ce, "Kai kaɗai? Mashallah, ya Hajji." Wata shida ban ji wannan daga bakinsa ba. Ya ce ranar Asabar da safe Dakta zai fita gwaji, Mumuni zai raka shi. Mumuni ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Alaji."

Juma'ar nan girki nawa ne, wanki nasa. Na manta ƙusoshin suna aljihun riga.

Bayan mun sauko daga masallaci na zuba abinci a tire. Abokin ɗakinmu na uku yana wurin aiki. Mumuni ya wanke hannu, ya zauna, sannan ya ajiye wani abu a gefen tiren. Ƙusa biyu, noti biyu, washa biyu, an wanke su tas.

"Alaji, wannan ya faɗo a aljihunka."

Na ce, "Saura ne."

"Dakta takwas ya kawo. Ni na karɓa."

Na ce, "Ka ci abinci."

Ya ci. Har ya ce gishiri ya yi daidai yau. Bai ƙara ko kalma a kan maganar ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Na tabbata a raina cewa ya samu abin da yake nema. Gobe a gaban Abu Rashid da Dakta zai fito da su ya ce ga aikin tsoho. Na yini ina shirya amsa. Zan ce shida sun isa. Zan ce na fi shi sanin ƙarfe tun ba a haife shi ba. Abin kunyar da zan rubuta a nan shi ne, duk yinin nan kan Dakta bai zo mini a rai ba sai jefi-jefi. Benci da fanka nake tunani.

Asabar ta waye da shamal, iskar arewa da ke tasowa a farkon zafi. Tutocin wurin sun miƙe, igiyoyi na dukan sanduna ƙwal-ƙwal. Dakta ya iso da fara'arsa da kwalbar shayi. Ya ce, "Ya Hajj Garba, yau iska ta masu sa'a ce." Ya miƙo mini sabon man gwiwa, ya ce wancan ya kusa ƙarewa a lissafinsa.

Abu Rashid na tsaye a bakin gadar da ake ɗaure jirage. Na jira Mumuni ya yi magana. Bai yi ba. Ya sa rigar ruwa, ya shiga jirgi, ya ɗaga ƙyalle, ya gyara igiyoyi. Dakta ya sauka ya zauna a wurin tuƙi, kunnensa na dama bai fi kamu ɗaya daga toshin da sukuru ke riƙe da shi ba. Mumuni ya kwance igiyar baya. Ya taka zuwa gaba a hankali, ya durƙusa a kan igiyar ƙarshe da ke riƙe jirgin da gada. Ya ɗora hannu a kanta bai kwance ba. Ya ɗago ya dube ni.

Ba kallon mai nasara ba ne. Kallon mai jira ne, irin wanda na ƙasa ke yi in yana jiran na sama ya ce ya riƙe.

Abu Rashid ya ce, "Yalla, Mumuni."

Na ji bakina ya buɗe. Larabcin nan nawa mai nahawu, wanda na yi shekaru ina gogewa, da shi na tona kaina. Na ce, "Dakta, dakata. Ka fito. Ƙusa biyu na ƙarshe ba su ratsa ba. Sukuru na sa. Ni na yi, ni kaɗai."

Abu Rashid ya sauka cikin jirgin, ya karɓi sukudireba, ya sa a ƙarƙashin toshin dama ya ɗan taɓa. Bai yi wani ƙarfi ba. Sukurun ya fito da garin faiba a jikinsa kamar haƙorin da ya ruɓe. Ya riƙe shi a tafin hannu yana kallo. Ya ce, "Don me?"

Na ce, "Hannuna bai kai ba."

"Mumuni fa?"

Na dubi inda Mumuni yake durƙushe. Ina tsammani ya gane, don bai sake tambaya ba. Dakta ya fito daga jirgin, ya taɓa kunnensa na dama, ya dube ni. Na so ya zage ni. Sai ya ce, "Alhamdulillah da ka faɗa," ya je ya zauna a inuwa da shayinsa. Man gwiwar yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Abu Rashid ya ce, "Ku gyara. Yanzu."

Muka cire duka, har shidan da na ɗaure, don danƙonsu ya tsage kamar yadda na sani. Muka goge, muka huda ƙarshen biyu har ƙasa, muka sa gam muka jira. Da azahar Mumuni ya cire riga ya sulale cikin ramin har ƙafafunsa kawai ake gani. Na durƙusa a sama da sukudireba.

Muryarsa ta fito ta cikin bene. "Alaji, ka riƙe?"

"Na riƙe."

"Kada ka juya fa. Wani tsoho ya ce mini in na sama ya juya, aiki ya ɓaci."

Na ce, "Ja notinka, ɗan Gana, ka bar surutu."

Na ji dariyarsa a tafin hannuna kafin in ji ta a kunne. Ɗaya bayan ɗaya muka bi su, daga tsakiya zuwa gefe. In ya gama ɗaya ya ƙwanƙwasa sau biyu, in matsa gaba. Da muka zo na ƙarshe na ji ƙusar ta zauna daram a ƙarƙashin hannuna, irin zaman da sukuru ba ya yi. Ya fito jiƙe sharkaf, gwiwar hannunsa ta kuje.

Dakta bai fita ba sai Asabar ta gaba, bayan danƙo ya kama. A ƙarshen wata Abu Rashid ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce rumfa ta Mumuni ce. Ya ce don na yi magana kafin a kwance igiya, ba zai sallame ni ba, kuma ya sa a kai kujera ƙofa. Aka miƙo mini rigar toka da hula da usur. Bhai mai shayi ya gan ni a tsohon wurina, ya ɗaga mini hannu kamar jiya muka rabu.

Da safe nakan buɗe wa Mumuni ƙofa. Abin da na ji tsoro ke nan, kuma ya zo, kuma yana da ɗaci kamar yadda na zata. Ba zan ce hassadar ta mutu ba. In na ji ana kiran sunansa daga bakin gada, har yanzu wani abu na motsi a ƙirjina. Sai dai duk ranar da aikin ƙusa mai ratsawa ya zo, yakan taho har ƙofa ya ce, "Alaji, zo ka riƙe mini sama." Abu Rashid ya sani, yana kau da kai.

Wata Juma'a, girki nasa wanki nawa, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Mumuni, ranar nan, da ban yi magana ba fa? Da ka kwance igiyar?"

Ya ajiye ludayi. Ya ce, "Haba Alaji. 'Ya'yana huɗu. Da na ce cikina ya murɗa, a fasa fita. In kowa ya watse in zo in same ka."

"Ba za ka gaya wa Abu Rashid ba?"

"In gaya masa me? Kai ka kawo ni wurin nan."

Ya koma kan tukunyarsa yana 'yar waƙa. Na zauna da rigarsa ta aiki a hannuna, ina laluba aljihunta kafin in tsoma a ruwa, kamar yadda na koya daga wurinsa. Na yi ƙasa biyar, na iya harshe biyar, na koya wa mutumin nan duk abin da ya sani game da jirgi. Shi kuma ya riƙe ƙusa biyu da za su ba shi rumfa, ya wanke su, ya ajiye mini a gefen tire. Na duba zuciyata in ga ko ni zan iya haka, na ga ba zan iya ba. Har wannan ma sai da na yi masa hassada.